Sulallan azurfar da muka tarar a akwatin Baba: nawa za su yi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Yau kwana hamsin da rasuwar mahaifinmu, jiya muka buɗe akwatinsa na ƙarfe don a haɗa kayan gado. Can ƙasan takardu muka tarar da wani tsohon gwangwanin alawa, cikinsa manyan sulalla goma sha biyu naɗe a tsumma. Shida iri ɗaya ne: hoton wata mata mai jiki da lulluɓi, bayansu tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Inna ta ce waɗannan na kakarmu ne, biyu ma an yi musu kunne ana ratayawa. Sauran shidan na Amurka ne, don Baba ya yi karatu can a shekarun 1970. Biyu 1921, ɗaya 1922, ɗaya 1884, ɗaya 1972, ɗaya kuma 1804. Yayanmu ya duba a waya ya ce na 1804 ɗin nan kaɗai miliyoyin daloli ne, tun jiya bai runtsa ba. Don Allah wanda ya san harkar ya faɗa mana gaskiya kafin zumunci ya lalace a kan abin da ba mu san kansa ba.

Mai Rabo:
Allah ya jiƙan Baba. Amma fa Ɗan Fagge ka warke! 1780? Ai ko Shehu bai yi hijira ba aka buga su. Na 1804 kuwa shekarar hijira zuwa Gudu ke nan cif. Kar ka manta da mu in an fashe.

Ɗan Kasuwa:
Allah ya gafarta masa. Ka biyo ni ta bayan fage, zan ɗauke su gaba ɗaya, kuɗi hannu, ba jeka-ka-dawo.

Mai Kula da Zaure:
Alhaji Ɗan Kasuwa, a yi haƙuri, mutum shawara ya nema, bai ce ya kasa kaya ba. In ciniki ne a yi shi a nan kowa na gani.

Maƙerin Fari:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa ya huta. Ni a kan masu hoton matar nan kawai zan yi magana, don su na sani tun ina ɗan zuga-zugi a maƙerar mahaifina. Liyar muke ce musu, wasu su ce riyal. Da su ake yin munduwa da zobe da kwalliyar linzami. Na ga an narkar da waɗanda ba zan iya ƙirgawa ba, kuma duk wanda na taɓa riƙewa a hannuna 1780 ne a jikinsa. Ko ɗaya ban taɓa ganin mai wata shekara ba. Tun ina yaro abin yake ba ni mamaki, na ce to shekara guda kawai suka yi suna bugawa? Mu dai a wurinmu sikeli ne ke magana. Lafiyayyen liyar giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Azurfarsa ba tsantsa ba ce, akwai jan ƙarfe a ciki, shi ya sa yake da ƙwari. In ka kawo min, kuɗin azurfa zan ba ka, masu kunnen nan ma sai na rage, don wurin da aka liƙa da wani ƙarfe aka liƙa.

Mai Rabo:
Haba Malam Maƙeri, abin tarihi za ka ɗora a sikeli kamar gyaɗa?

Maƙerin Fari:
Ƙanena, ni ba tarihi nake saya ba, narkarwa zan yi. Na faɗa ne don ya san ƙasan farashi. Wanda ya taya ƙasa da haka ya cuce shi.

Tsohon Malamin Makaranta:
Malam Maƙeri, mamakinka yana da amsa. Matar sunanta Mariya Tereza, ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. A shekarar da ta mutu sulenta ya riga ya karɓu a hannun fataken Larabawa da Habasha da bakin Bahar Maliya, har ba sa yarda da wani. Sai gidan buga kuɗin ya ci gaba da bugawa ba tare da ya taɓa shekarar ba, don in aka canja ko ɗigo, baƙauye a Yaman zai ce jabu ne. Larabawa abu ɗair suke kiransa, wato mai tsuntsu. A Ostiriyar kanta ya daina zama kuɗin kashewa tun 1858, amma bugu bai tsaya ba. Daga baya ma ba Biyana, babban birnin Ostiriya, kaɗai ba, an buga shi a Rum da Landan da Faris da Burasal da Bombai da Bamingam, musamman wajen shekarun 1930 zuwa 1940, lokacin da Italiya da Ingila ke bukatarsa saboda Habasha. An ƙiyasta abin da aka buga ya doshi miliyan 390, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga sabo fil da 1780 a jikinsa. Saboda haka liyar ɗin kakarku zai iya zama na zamanin Sarki Alu, zai iya zama na zamanin Sarki Alhaji.

Zuwansa ƙasarmu kuwa ta hamada ne, ta Tarabulus da Borno. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa dala guda ta azurfa wuri 2,500 ce. Ku duba ku ga, mutum ya ɗauki sule ɗaya a aljihu maimakon buhun wuri. Dole manyan fatake su so shi.

Na Maraɗi:
Malam ka tuna min. Mu nan har yau da dala muke lissafi, dala guda tamma biyar. In munka ce dala ashirin, sefa ɗari kenan, dala ɗari biyu jikka guda. Baƙo daga Kano in ya ji an ce dala goma sai ya zabura, ya ɗauka ta Amurka ce. Kuma maƙeran Agadas da wannan mai tsuntsun sunka daɗe suna ƙera kayan adonsu, tsofaffi sun ce ya fi kowace azurfa daɗin aiki.

Tsohon Malamin Makaranta:
Mu ma da muna yara dala sule biyu ce. Kalmar duk tushe ɗaya ce. Wani kwari ne a ƙasar Cek ta yau, Yowakimstal, da aka haƙi azurfa aka fara buga manyan sulalla wajen 1520. Aka gajarta sunan ya koma tala, ya zama dala a bakin mutane daban-daban har ya isa Amurka. To mu koma kan tambayar yaron nan kar mu mai da zauren aji.

Uwar Biyu:
Ni kakata a gashi take saka irinsu ranar salla. Da ta rasu aka neme su sama ko ƙasa, ashe wani jika ya kai kasuwa ya sayi keke. Ɗan Fagge ku dai ƙirga su gaban kowa ku rubuta.

Na Ohayo:
Salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ina zaune a Amurka shekara goma sha, kuma wannan ita ce 'yar sha'awata, ina zuwa baje kolin masu tara tsoffin kuɗi in na samu hutu. Zan fara da wanda ya hana Yaya barci, don gara a cire ƙayar tun da wuri.

Dalar 1804 ta gaske guda 16 ce aka sani a duk duniya, kuma kowace an san hannun da take da hannun da ta fito. Abin dariyar ma, ba a 1804 aka buga su ba. A 1834 gwamnatin Amurka ta so aika kyautar sulallanta ga wasu sarakunan gabas, ciki har da Sarkin Siyam da Sarkin Maskat Sa'id bin Sulɗan, sai aka buga wasu 'yan ƙalilan da waccan tsohuwar shekara. Wadda aka ba Sarkin Maskat ita aka yi gwanjonta a 2021 kan dala miliyan 7.68. Labarin da Yaya ya gani gaskiya ne. Amma saboda labarin ne ya sa babu sulen da aka fi yi wa jabu kamarsa, ana sayar da shi a shagunan tsaraba kamar maɓallin riga. Kafin mu ja magana, nemo mayen ƙarfe, ko na jikin tsohuwar lasifika ne, ka kusantar da shi. Azurfa ba ta kama maye.

Mai Rabo:
To in na 17 ne fa da ba a sani ba? Ikon Allah ya fi haka.

Na Ohayo:
Ikon Allah ya fi haka, Malam Mai Rabo. Shi ya sa na ce a kawo maye.

Ɗan Fagge:
Na gwada yanzu gaban Yaya. Na 1804 ya manne ɗaf, sai da na sa farce na ɓamɓare shi. Sauran sha ɗayan babu wanda ya kama. Yaya ya tashi ya fita bai ce uffan ba.

Uwar Biyu:
Wayyo. A ba shi ruwa ya sha. Gara yau da a ce ya ci bashi a kansa.

Maƙerin Fari:
Rashin kama maye ba shi ne shaidar azurfa ba fa. Tagulla da darma ma ba sa kamawa, kuma masu jabun yanzu sun waye, farin ƙarfe suke yi su shafa masa ruwan azurfa. Ka je wurin masu sayar da gwal su ɗora maka a ƙaramin sikelinsu. Sannan ka ɗora sule a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa da wani a hankali. Azurfa tana da wani kuka siriri mai tsawo, kamar ba zai ƙare ba. Jabu ƙwas yake yi ya mutu. Amma kar ka bari kowa ya goga shi a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji. Mu muna yi don narkarwa za mu yi, kai kuwa ba ka san ko akwai mai daraja a ciki ba tukuna.

Na Ohayo:
Malam Maƙeri ya gama magana. Ga lambobin da za ka tafi da su. Na 1884 da na 1921 ana kiransu dalar Morgan, sunan wanda ya zana su, George Morgan. An buga su daga 1878 zuwa 1904, aka sake a 1921. Na 1922 wani zane ne daban, dalar zaman lafiya, an fara ta a ƙarshen 1921 don tunawa da ƙarewar yaƙin duniya na farko. Duk nauyinsu ɗaya, giram 26.73, faɗi milimita 38.1, kashi 90 cikin 100 azurfa, 10 jan ƙarfe. Wato tsantsar azurfar kowanne giram 24 ce da ɗigo. Liyar kuma giram 28.07, amma azurfarsa kashi 83.3 ce, sai ya tashi giram 23.4. Ka ga liyar ya fi nauyi a hannu, amma dalar Amurka ta ɗan fi shi azurfa. In sule ya sha hannu zai iya rage ɗan kaɗan, amma in ka ga ya gaza da giram ɗaya ko biyu, akwai magana.

Lissafin ƙasan farashi ba wuya. Ana faɗin farashin azurfa a duniya da oza, oza ɗaya giram 31.1. Morgan ɗaya kashi 77 cikin 100 na oza ne. A ce, misali kawai, oza tana dala 30, to azurfar cikinsa dala 23 ce da 'yan canji. Ka duba farashin ranar da za ku sayar, don yana hawa yana sauka sosai.

Na 1972 kuwa, mai hoton Shugaba Eisenhower da sanƙonsa, duba gefensa. In ka ga jan layi ya zagaye shi kamar an yi masa ɗamara, jan ƙarfe ne da nikel, babu azurfa ko ƙwayar zarra. Dala ɗaya ce, ko ɗan sama da haka. Akwai waɗanda aka buga wa masu tarawa da azurfa kashi 40, su suna da harafin S a ƙarƙashin wuyansa.

Ɗan Fagge:
Akwai jan layin. Shi ma ya tafi ke nan. Saura goma.

Ɗan Kasuwa:
Ka gani ko? Da ka ba ni tun farko da na haɗa har jabun na biya.

Uwar Biyu:
Alhaji, wanda ya yi saurin haɗawa da jabu ai akwai abin da ya hango a cikin na gasken.

Na Ohayo:
Hajiya ta rigaye ni. Yanzu mu zo inda maganar take. Abu uku ke ɗaga sule sama da kuɗin azurfarsa: guda nawa aka buga, guda nawa suka rage, da kuma halin da wannan na hannunka yake ciki. Tsufa shi kaɗai ba ya cikin lissafi. Na 1921 an buga fiye da miliyan 86 a gidaje uku, shi ne Morgan ɗin da ya fi kowanne yawa, kowane shago a nan yana da su cike da kwano. Na 1922 ma haka, Filadelfiya kaɗai ta buga sama da miliyan 51. Waɗannan ukun kuɗin azurfa ne da ɗan abin da ba a rasa ba, sai dai in sun fito kamar yau aka buga su.

Na 1884 nake so ka duba min. Juya bayansa, wajen mikiya. Ƙasan ganyen da ya kewaye ta, daidai saman haruffan D da O na kalmar DOLLAR, akwai ɗan ƙaramin harafi ko babu? Shi ke nuna garin da aka buga sulen. In babu komai Filadelfiya ce. O na nufin New Orleans, S San Faransisko, CC kuma Carson City. In idonka bai gani ba ka ɗauki hoto da waya ka ja shi.

Ɗan Fagge:
Akwai CC, ƙanana guda biyu a jere.

Mai Rabo:
Allahu Akbar! A kira Yaya ya dawo!

Na Ohayo:
A bar Yaya ya huta tukuna. Amma wannan labari ne mai daɗi. Carson City ƙaramin gidan bugu ne a jihar Nebada, kusa da mahaƙar azurfar Comstock, ya yi aiki daga 1870 zuwa 1893 kawai. Masu tarawa suna son CC kamar me, saboda labarin kaboyi da mahaƙa da ke tattare da shi. Na 1884 an buga miliyan ɗaya da dubu 136. Sai dai akwai wani abu. Yawancinsu ba su taɓa shiga kasuwa ba, a buhuna suka kwanta a baitulmalin gwamnati shekara kusan tamanin. Da aka daina ba da dalar azurfa a 1964 aka tarar da ragowar kusan miliyan uku, galibi CC, gwamnati ta sayar da su ga jama'a tsakanin 1972 da 1980. Fiye da kashi 80 cikin 100 na duk 1884 CC a cikin wannan ajiya suka fito, sababbi ƙal. To ka ga ba shi da wuyar samu. Lafiyayyensa ɗaruruwan daloli ne, ba dubbai ba. Da 1889 CC ne, wanda aka buga dubu 350, ko 1893 mai S da aka buga dubu 100 kacal, da ni kaina na ce a kira Yaya.

Wannan harka ta buhunan gwamnati ta taɓa karya mutane. Dalar 1903 mai O kafin 1962 ana ganin babu kamarta, littafin farashi ya sa ta dala 1,500, don an ɗauka duk an narkar da su a ƙarƙashin dokar 1918 da ta cinye sama da dala miliyan 270. Kwatsam a ƙarshen 1962 aka buɗe wata ma'ajiya a Filadelfiya, sai ga su buhu-buhu. Cikin 'yan makonni ta faɗo ko dala hamsin ba ta kai ba. Sulen bai canja ba, shekararsa ba ta canja ba.

Tambaya ɗaya. Lokacin da Baba yake nan shi ne lokacin wancan sayarwa. Waɗanda gwamnati ta sayar a cikin wani gidan roba mai tauri suke, mai baƙin ciki, da rubutu a sama. Ba ku ga irinsa a akwatin ba?

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Malam, a cikinsa yake. Jiya da dare ƙanwarmu ta ga gefen sulen ya yi wani shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa, ta ce datti ne ya shiga. Autanmu ya sa sukundireba ya fasa robar, ita kuma ta wanke shi da toka da lemon tsami, ta dirje da soson ƙarfe. Yanzu ya fi duk sauran ƙyalli. Ni ma da na gani na ce ta kyauta.

Na Ohayo:
Kai. Bari in sha ruwa ni ma.

Maƙerin Fari:
Toka da lemo ai mu muka koya wa mata, haka ake wanke munduwa. Yarinya ba ta yi laifi ba a saninta.

Na Ohayo:
Ba ta yi ba, kuma don Allah kar a tsangwame ta, ko a nan Amurka kullum sai an kawo wa dillalai sulen kaka da aka goge da man goge baki. Amma gaskiya an yi asara. Lokacin da aka buga sule, ƙarfin bugun yana barin wasu siraran layuka a fuskarsa da ido ba ya gani, su ke sa in ka juya shi a haske ka ga sheƙi yana zagayawa kamar ƙafar keke. Wannan sheƙin sau ɗaya ake samunsa. Soso ya share shi, ya bar ƙarce dubu, kuma duk wanda ya san harka da gilashin masu gyaran agogo zai gane cikin daƙiƙa biyar. Shuɗin da ta gani kuwa ba datti ba ne, launin da azurfa ke yi ne in ta daɗe, wani ma ƙarin kuɗi ake biya saboda shi. Ita kanta robar tana da daraja, don ita ce shaidar daga ina ya fito.

A nan ana auna lafiyar sule da maki daga 1 zuwa 70, tsarin da wani William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai taɓa yawo a hannu ba. Akwai kamfanoni biyu da aka fi yarda da su, PCGS da NGC, kana aika musu su duba su rufe shi a roba da makinsa. Tsakanin maki 63 da 65 kawai kuɗi na iya ninkawa. Amma wanda aka wanke ba sa ba shi maki sam, sai su rubuta cewa na gaske ne amma an goge. Daga nan mai saye zai yi ta ja. Har yanzu ya fi kuɗin azurfarsa nesa, don CC ɗin na nan, sai dai zai yi wuya ya kai abin da zai kai jiya da safe. Ku adana fasasshiyar robar da duk wata takarda da ke tare da ita, kar a zubar.

Uwar Biyu:
Ɗan Fagge kar ka faɗa wa Yaya wannan a daren nan. Mari zai kai wa yarinya.

Mai Rabo:
Ni dai har yanzu ban gane ba. Abu ya yi tsabta kuma a ce ya rage kuɗi? Turawa da neman magana.

Tsohon Malamin Makaranta:
Mai Rabo, in aka ba ka tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, ka ga takardar ta yi ja, sai ka sa yaro ya bi rubutun da biro don ya fito sosai, ka gyara ko ka ɓata?

Mai Rabo:
Na ji Malam. Na yi shiru.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai, in sa baki ta ɓangaren gado. Kar a raba su da ƙirga, a ce kai ɗauki biyu ke ɗauki ɗaya, tunda ga shi an nuna ba darajarsu ɗaya ba. A yi musu ƙima tukuna, a shigar cikin dukiya, wanda yake son ya riƙe na kaka don tunawa sai a lissafa a rabonsa. Sannan a tabbatar liyar ɗin kaka sun zama mallakin Baba, ko kuwa ajiya ce da 'yan uwansa ke da haƙƙi a ciki, a tambayi Inna da baffanni. In an zo sayarwa kuma, azurfa ce, a yi hannu da hannu, a karɓi kuɗi a wurin. Ba a ba dillali ya tafi da su ya ce sai ya sayar. Wanda zai musanya su da wata azurfar, kamar munduwa, nauyi da nauyi ne, ya nemi malami ya zauna da shi. Zakka kuwa ba ta taso ba a kansu su kaɗai, nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, su kuwa goman nan tsantsarsu ba ta kai giram 240 ba.

Na Maraɗi:
Malam ya yi gaskiya. Kuma ku bincika masu tsuntsun da kyau, don su ma akwai na bogi da ake zubawa a ƙasa. Na gaske yana da rubutu a kaurin gefensa, ba santsi ba ne. Tsofaffinmu har ƙwayoyin da ke jikin maɓallin kafaɗarta suke dubawa, in sun goge sai su rage mishi kuɗi.

Na Ohayo:
Haka ne, rubutun gefen JUSTITIA ET CLEMENTIA ne, da 'yan ado a tsakani. Akwai masana da ke bambance bugun farko-farko da na baya ta siffar haruffa da gashin wutsiyar tsuntsun, kuma tsoffin bugu na da masu nema. Amma wannan sai da hoto mai kyau, fuska da baya da gefe. Masu kunnen dai sun riga sun zama kayan ado, wurin Malam Maƙeri za su ƙare ko a wuyan jika. Akwai kuma gwajin ruwa in kuna shakkar wani: ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mai da shi sifili, ka ɗaure sule da zare ka nutsar ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Morgan na gaske zai nuna wajen giram 2.6. In ka raba nauyinsa da wannan lamba ka samu kusan 10.3, azurfa ce. Ka shanya shi da tsumma mai laushi ta hanyar dannawa, ban da gogawa. Amma na CC ɗin a ƙyale shi haka nan, ya sha wahala ya isa.

Shawarata, kar ku kashe kuɗin aika na 1921 da 1922 waje a ba su maki, kuɗin aikawa da na dubawa zai cinye ribar. Na CC ne kaɗai ya cancanci a yi tunani, shi ma yanzu da sauƙi.

Ɗan Kasuwa:
To ni dai tayina na nan. Kuɗin azurfa da ɗan ihsani a kan CC ɗin.

Maƙerin Fari:
Alhaji faɗi lamba a nan mana, giram nawa kake saye? Ni ma in faɗi tawa, ya zaɓa.

Ɗan Kasuwa:
Sai na gani da idona.

Ɗan Fagge:
Na dawo daga wurin masu gwal. Liyar huɗu marasa kunne: uku sun ba da 28.0, ɗaya 27.8, duk da rubutu a gefe. Masu kunne 28.6 da 28.9. Na 1921 ɗaya 26.7, ɗaya 26.6, na 1922 26.7, na CC 26.7. Na 1804 don neman magana na sa aka auna, giram 19 ne. Mai shagon ya taya duka a take, na ce na magada ne, ba ni da ikon sallamawa. Na tambayi Inna, ta ce kaka ta ba Baba su ne tun da ranta, gaban Baffa, gobe zan je in ji daga bakinsa. Inna ta ce masu kunnen a saka a rabonta, ba za a narkar da abin da uwar mijinta ta rataya ba. Malam Na Ohayo, zan turo hotunan liyar huɗun da rana in haske ya yi kyau. Na tattara ɓaraguzan robar, har da wata 'yar takarda mai lamba da na tsinto a kwandon shara, ta ɗan jiƙe da ruwan lemo amma ana karantawa.

Na Ohayo:
Madalla. Ka bar ta ta bushe da kanta a inuwa, kar a sa mata dutsen guga. In za ka ɗauki hoton ka riƙe sulen ta gefe, ka kashe fitilar waya.

Uwar Biyu:
Yaya fa?

Ɗan Fagge:
Ya dawo. Ya ce a ba shi na 1804 ɗin a rabonsa, zai kai wa wani a Abuja ya sake dubawa.